Amsa kan littattafan gado da gara ta fara ci

Wa'alaikumussalam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka ce ya bar maka akwati biyu na littattafai, har da na rubutun hannu, gara ta fara shiga, kana tambaya ko ka kai a yi musu laminatin ko ka ƙulle su a leda. Don Allah kada ka yi ko ɗaya.

Ni leda ce ta cuce ni. Da kakanmu ya rasu na tattara takardunsa na ɗaure a ciki, na tura ƙarƙashin gado, wai ni mai dabara. Damina biyu ban waiwaye su ba. Ranar da na kwance, wari ne ya fara tarbata. Takardun sun manne da juna, fumfuna ta yi musu baƙi, rubutun wannan shafi ya hau kan wancan. Tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ɗan danshi ya isa ya tayar da ita. Ko littattafan Timbuktu ta ƙasar Mali da su Abdulƙadir Haidara, wani mai kula da ɗakin karatu a garin, suka tseratar zuwa Bamako a akwatunan ƙarfe a 2012, da suka tsira daga 'yan bindiga, danshin Bamako ne ya zame musu sabuwar fitina.

Laminatin kuwa zafi ne da gam, in ya kama ya kama ke nan. Haka salatif: zai bushe ya faɗi, ya bar tabo.

Yau ɗin nan ka fitar da su daga ɗakin, ka bi sawun garar, ita ta ƙasa da jikin bango take tahowa. Ka shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa, banda rana, ka kakkaɓe da buroshi mai laushi. Kada ka fesa musu fiya-fiya. Su koma kan kantar ƙarfe, nesa da bango. Ni busasshen ganyen darbejiya nake ƙullewa a ƙyalle in ajiye a gefe, ba ya taɓa takarda. Duk da haka duk wata sai na sauke su na duba, a watan Agusta ma har sau biyu.

Na rubutun hannun nan, ka yi hattara da jerinsu. Yawanci ba a ɗinke suke ba, kuma babu lambar shafi. In sun hargitse, duba ƙasan bayan takarda, za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai, da ita takarda ta gaba ta fara. Ka naɗe kowane littafi da farin yadi, ka mayar da shi tadarishinsa, wato bangon da ake naɗe shi a ciki, ko gafakarsa in fatar ba ta ruɓe ba.

Sannan ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka raba wa 'yan'uwa. Waɗanda suka manne kada ka ɓamɓara da ƙarfi, ka tuntuɓi Gidan Arewa a Kaduna, suna da sashen irin waɗannan rubuce-rubuce.