Me Ya Sa Duniya Ke Bikin Ma'aikata a 1 ga Mayu, Amma Amurka Sai Satumba?

Tambaya: An ce mana Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu daga Amurka ta samo asali, amma na ga su Amurkawan a watan Satumba suke hutun tasu. Yaya abin yake? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, duka biyun haka suke, kuma tushen maganar shi ne rigimar awa takwas. A ƙarni na 19 ma'aikacin masana'anta a Amurka kan yi awa goma zuwa sha biyu a rana, kwana shida a mako. Ba wai babu doka ba ne. Jihar Illinois ta kafa dokar awa takwas tun 1867, sai dai an bar mata ƙofa: dokar ba ta aiki idan ma'aikaci da mai kamfani sun yi yarjejeniya a kan wasu awannin daban. Wanda ke neman abin sawa a baka kuwa, duk takardar da aka miƙo masa zai sa hannu. Haka dokar ta mutu a tsaye. Shi ya sa a 1884 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Amurka da Kanada ta daina jiran majalisa, ta ce daga 1 ga Mayu 1886 awa takwas za a riƙa yi, wanda ya ƙi a shiga masa yajin aiki.

Ranar na zuwa, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka ajiye aiki, abin ya fi zafi a Chicago. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka buɗe wuta a bakin masana'antar injinan girbi ta McCormick, suka kashe aƙalla mutum biyu. Washegari da dare aka yi gangamin nuna fushi a dandalin Haymarket. Taron ya tafi lami lafiya, har magajin gari ya leƙa ya koma gida, hadari ya taso, jama'a sun fara watsewa. Sai ga 'yan sanda kusan 180 sun zo tarwatsa sauran. Wani ya jefa bam a tsakiyarsu, harbi ya kaure. 'Yan sanda bakwai suka mutu, da fararen hula aƙalla huɗu.

Har yau ba a tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba. Duk da haka aka gurfanar da mutum takwas masu aƙidar a rushe gwamnati gaba ɗaya, wasunsu ma ba sa wurin lokacin da bam ya tashi. Kan jawabansu da rubuce-rubucensu aka kama su da laifi, ba kan jifa ba. Ranar 11 ga Nuwamba 1887 aka rataye huɗu: August Spies, Albert Parsons, Adolph Fischer da George Engel. Na biyar, Louis Lingg, ya kashe kansa a kurkuku ana gobe rataya. A 1893 gwamnan jihar Illinois, inda Chicago take, John Peter Altgeld, ya yi wa ukun da suka rage afuwa, ya ce ba a yi adalci a shari'ar ba.

Wannan ne ya fitar da ranar zuwa duniya. A 1889 jam'iyyun gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago suka taru a Paris, suka tsayar da 1 ga Mayu 1890 don zanga-zangar neman awa takwas a ƙasashe da dama, daga nan ta zama ta shekara-shekara.

Ta Satumba kuwa ta girmi Haymarket, domin tun 1882 ma'aikatan New York suka fara jerin gwano a wannan wata. Da Shugaba Grover Cleveland ya sa hannu a dokar hutun ƙasa a 1894, ana tsakiyar yajin aikin jiragen ƙasa na Pullman, Litinin ɗin farko ta Satumba aka ɗauka. A ganina ba a rasa siyasa a ciki ba: ranar Satumba ba ta tuna wa kowa bam da rataya.

Kada a ɗauka 1886 ce ta kawo awa takwas. Bayan bam ɗin aka yi ta kame, fafutukar ta ja baya. Sai 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa awa takwas a rana da 48 a mako cikin yarjejeniyarta ta farko, ita ma ga ma'aikatan masana'antu kawai. Amurka sai 1938 ta yi babbar dokar tarayya kan awannin aiki, ta fara da awa 44 a mako, ta sauko 40 a 1940. Dabararta ta bambanta da ta Illinois: ba ta hana wuce awannin ba, ta dai tilasta biyan ladan awa ɗaya da rabi a kan kowace awa da ta ɗoru, yadda tsawaita aiki zai riƙa cin aljihun mai kamfani.

A Najeriya, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano ta ba da hutun 1 ga Mayu a 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981.