Tambaya da Amsa: Akwatin Magana Mai Faifan Gwangwani

Tambaya: Malam, na ci karo da wani tsohon akwatin katako a kasuwar Panteka, mai hannun juyawa da ƙahon ƙarfe, amma faifansa siffar gwangwani gare su, kowanne cikin kwalinsa. Shin garmaho ne, kuma zan iya sa masa allurar garmaho in saurara? Daga wani makaranci, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malam, abin da ka samu sunansa phonograph, kuma irin wannan na'ura ta girmi garmaho. Thomas Edison ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1877, yana ɗaukar murya a kan siririn falle na kuza da aka naɗe a jikin gwangwanin, kafin a koma ga kaki wajen 1888. Garmaho mai faifai shimfiɗaɗɗe na Emile Berliner ya zo ne a 1887, kuma shi ya cinye kasuwa, har kamfanin Edison ya daina buga faifan gwangwani a 1929.

Game da allura kuwa, don Allah kada ka kuskura. Allurar ƙarfe za ta kankare layin muryar a juyi ɗaya, domin wannan na'ura da ɗan dutse mai santsi take karatu. Su kansu faifan iri-iri ne: akwai na minti biyu, akwai na minti huɗu da aka fito da su a 1908, masu layuka 200 a kowane inci maimakon 100, kuma kowanne da kan karatu (ɓangaren da ke riƙe da ɗan dutsen) da ya dace da shi. Shuɗɗan da ake kira Blue Amberol, na 1912, sun fi juriya, tunda ba na kaki ba ne.

A ganina faifan sun fi akwatin daraja, musamman masu ruwan ƙasa, waɗanda mutane kan ɗauki muryoyinsu a kai. Da irinsu ne Northcote Thomas, wani Baturen Ingila mai nazarin al'adu, ya ɗauki waƙoƙi da labarai a kudancin Nijeriya da Saliyo tsakanin 1909 da 1915, kuma suna nan ajiye a Landan.

In za ka ɗauki faifan, zura yatsu biyu a cikinsa, kada ka taɓa bayansa. Laimar daminar Kaduna tana sa masa fumfuna, farin tabon da ke cin kakin har ya zama shuuu kawai ake ji, zafin rana kuma yana fasa shi. Ka tsayar da su cikin kwalayensu a ɗaki mai sanyi, nesa da taga.