Amsa ga mai tambaya kan yaran da suka ci naman kaza: ki kai su asibiti yau

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yaran lafiya.

Kin ce shekaranjiya yaranki sun tsinko naman kaza, wato laimar kwaɗi, a bayan gari bayan an ɗauke ruwa, kin sa a miya kun ci da azahar, ba wanda ya ji komai sai wajen sha ɗayan dare amai da gudawa suka kama biyu daga cikinsu. Jiya haka suka wuni, yau kuma sun tashi da sauƙi har ƙaramin ya nemi koko. Kina tambaya ko ki ci gaba da ba su ruwan gishiri da sukari da manja a gida. Amsata ita ce a'a. Ki ɗauke su zuwa babban asibiti yau ɗin nan, tare da duk wanda ya sa hannu a kwanon, har da maigida da kika ce shi cikinsa ne kawai ya ɗan murɗa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin taimakon gaggawa, kuma abin da ya tayar mini da hankali a bayaninki shi ne lokacin. Daga azahar zuwa sha ɗayan dare kusan awa 10 ke nan. Idan aka kawo mana wanda ya ci naman kaza, tambayar farko da muke yi ita ce: ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa aman ya fara? Wanda amai ya kama shi cikin awa 1 zuwa 3, galibi irin da ke ɓata ciki ne kawai, ya sha wahala kwana ɗaya ko biyu ya warke idan an mayar masa da ruwan jikinsa. Akwai wata babbar farar laimar kwaɗi mai fitowa a filin ciyawa da damina, wadda ƙarƙashin hularta ke komawa kore-kore idan ta tsufa, masana na kiranta Chlorophyllum molybdites, ita ce ta fi yawan jawo irin wannan a ƙasashe masu zafi. Amma wanda ya wuce awa 6 lafiya lau sannan amai ya zo, wannan muna ɗaukarsa a matsayin wanda ya ci gubar da ke kashe hanta har sai gwajin jini ya nuna ba haka ba ne.

Sunan gubar amatoksin. An fi saninta a jikin wata laimar kwaɗi da masana ke kira Amanita phalloides, wadda asalinta Turai ne amma ta bazu har Afirka ta Kudu da Amurka da Ostareliya, kuma akwai gubar a wasu ƙananan nau'o'in naman kaza na dangin Lepiota da Galerina. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu mutuwa ta dalilin naman kaza a duniya wannan gubar ce ajalinsu. Hula ɗaya tak ta isa ta kashe babban mutum, balle yaro. Tafasawa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, shanyawa ma haka. Tana shiga ƙwayoyin hanta ta hana su ƙera sinadaran da suke rayuwa da su, sai su riƙa mutuwa a hankali. Hanta ta zubar da ita cikin ruwan matsarmama zuwa hanji, hanji ya sake tsotse ta ya mayar wa hanta.

Ga inda take yaudarar mutane. Bayan kwana ɗaya na amai da gudawa, sai komai ya lafa. Yaro ya tashi zaune, ya ci abinci, ya yi wasa, iyaye su yi hamdala. A daidai wannan lokacin ne hantar ke lalacewa, kuma ido ba ya ganin haka, jini ne kawai ke faɗa. A kwana na 3 zuwa na 5 sai ido ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya ragu, dasashi ko hanci ya fara zubar da jini, sukarin jiki ya faɗi, yaro ya shiga yawan barci ko sambatu. Na taɓa jinyar wata yarinya da aka kai wani ƙaramin asibiti da dare, aka ɗaura mata ruwa, da safe ta farfaɗo aka sallame ta a kan cewa kwalara ce. Ba wanda ya tambayi me ta ci, uwar kuma ba ta ga dalilin ambaton miyar ba tunda kowa a gidan ya ci. Da aka kawo mana ita idonta ya riga ya canza, tana kiran mutanen da ba sa ɗakin. Mun yi iya ƙoƙarinmu, Allah bai yi za ta tashi ba. Yayarta da ta ci kaɗan, muka kwantar da ita tun ba ta nuna komai ba, ta koma gida da ƙafarta.

Shi ya sa nake roƙonki, da bakinki ki faɗa wa likita: naman kaza na daji suka ci, ƙarfe kaza, aman ya fara ƙarfe kaza. Da damina asibitoci cike suke da masu amai da gudawa, kuma gudawar wannan gubar ruwa ce tsululu irin ta kwalara. Idan ba ki faɗa ba, ba lallai a yi tunaninta ba.

Ki nemi a yi musu gwajin hanta, wato ALT da AST, da gwajin daskarewar jini da ake kira INR, da na ƙoda, da na sukari. Gwaji ɗaya bai wadatar ba. A ranar farko yakan fito lafiya ƙalau, shi ya sa ake maimaitawa aƙalla kullum har a wuce kwana 3. A mai lafiya ALT ba ya cika wuce 40, amma a wannan ciwon yana haurawa dubbai. Idan asibitin da ke kusa da ke ba sa yin waɗannan gwaje-gwajen, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jos, duk wanda ya fi miki kusa.

Maganin da ya fi komai muhimmanci shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, mai yawa, ana auna fitsari, domin ta ƙoda gubar ke fita, kuma ƙodar da ta bushe ita ma tsayawa take yi. Ana ba da gawayin asibiti a sha, a maimaita, don ya kama gubar a hanji kafin ta koma hanta. Wannan gawayin sarrafa shi aka yi musamman, na murhu ba ya maye gurbinsa. Akwai N-acetylcysteine, wanda ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima, yana taimaka wa hanta a nan ma. A Turai suna da allurar silibinin mai hana gubar shiga ƙwayoyin hanta, inda babu ita kuma likitoci kan yi amfani da allurar fenisilin mai yawa. Idan hanta ta gaza gaba ɗaya sai dashe, wanda mutanenmu sai sun fita Indiya ko Masar suke samu, kuma ciwon ba ya jiran biza. Duk abin da za a iya yi a nan gida, a kwanakin farkon nan ake yin sa.

Manja da madara ba sa karya wannan gubar, ki daina. Kada ki sa musu yatsa a maƙogwaro. Kada ki ba su farasitamol ko jiƙo ko maganin tsayar da gudawa, hantar tana da abin da ya ishe ta. Ruwan gishiri da sukari kam ki ci gaba da ba su kurɓi-kurɓi a hanya.

Na ga wani ɗan'uwa ya rubuta cewa idan tsutsa ko ƙwari sun ci naman kaza to ba shi da guba. Malam, da girmamawa, wannan ba haka ba ne, dodon koɗi na cin mai kisan ya wuce lafiya. Ɗanɗano ma ba ya nunawa, waɗanda suka tsira sun ce daɗi gare shi. Na san a Kudancin Kaduna da Neja da Filato akwai iyaye mata da suka san na ci sarai, musamman mai fitowa a kan suri, amma sanin na wanda ya girma a wurin ne yana bin manya. A 2015 'yan gudun hijirar Siriya da dama sun kwanta a asibitin Hanoba a Jamus saboda sun tsinci wanda ya yi kama da na ƙasarsu, a 2021 kuma wasu yara biyu 'yan Afganistan, wa da ƙane masu shekara 6 da 5, suka rasu a Folan ta wannan hanyar.

Idan akwai ragowar miyar ko ɗanyen da ba a dafa ba, ki tafi da shi, ɗanyen a naɗe cikin takarda don leda na ruɓar da shi. In babu, wani babba ya je inda yaran suka tsinko ya tono guda da gindinsa gaba ɗaya, ya ɗauki hoton sama da ƙasan hular da gindin, ya biyo ku da shi. Ke dai kada ki tsaya jiransa. Idan sakamakon ALT da INR ya fito ki rubuto mana lambobin, zan duba tare da ke in sha Allah.