Amsa: Me ya hana Lakota karɓar kuɗin Black Hills?

Ka tambaya me ya sa mutanen Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, da ke fama da talauci a Pine Ridge, yankin da aka keɓe musu a jihar Dakota ta Kudu, suka ƙi karɓar diyyar da Amurka ta ajiye musu. Saboda karɓar kuɗin tamkar sa hannu ne cewa sun sayar da tsaunukan Black Hills, su kuwa ƙasar suke so a mayar musu. Yarjejeniyar Fort Laramie da suka yi da gwamnatin Amurka a 1868 ta tabbatar musu da wurin, amma da aka gano zinariya a 1874, gwamnati ta ƙwace shi a 1877. A 1980 Kotun Ƙoli ta amince a biya su sama da dala miliyan 100. Kuɗin na nan a asusu, da kuɗin ruwa ya haura biliyan ɗaya.

Ni dai ina ganin suna da gaskiya. Na sha ganin magada sun sayar da gonar gado, kafin damina biyu kuɗin ya ƙare. In aka raba wannan diyya tsakanin dubban jama'arsu, kason kowa ba zai taka kara ya karya ba, balle ya samar da aikin yi a Pine Ridge. Ga shi kuma a tsaunukan nan, da suke kira Paha Sapa, suke ibadunsu na gargajiya har yau.