Banki na ta dawo mini da fayil ɗin albashi, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akawu ne a wata makaranta mai zaman kanta a Pantami, cikin garin Gombe. Duk wata ina haɗa fayil ɗin albashin ma'aikata 86 daga Excel. Tsarin da aka ba mu shi ne lambar asusu gurbi 10, suna gurbi 30, kuɗi gurbi 12 a kwabo, babu waƙafi a tsakani. Sau uku ke nan ana dawo da shi, yau wata ya kwana shida, malamai har sun fara yi mini wani kallo. Wani mai shagon kwamfuta ya gyara mini, sifilai suka fito a allo, amma aka sake ƙin karɓa. Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam akawu, kwantar da hankalinka, aikin rabin awa ne. Tunda ka riga ka san dole kowane layi ya cika gurbi 52 cif, ba ƙari ba ragi, bari mu tafi kai tsaye.

A ce lambar asusu na kolum A, suna na B, kuɗi na C. A D2 rubuta:

=A2&LEFT(TRIM(B2)&REPT(" ",30),30)&TEXT(ROUND(C2*100,0),"000000000000")

Naira 85,000.50 za ta fito 000008500050. A E2 sa =LEN(D2), ka ja su ƙasa. Duk layin da bai ba ka 52 ba, tsaya a kansa.

Sai maganar mai shagon nan, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don kusan kullum sai an kawo mini irinta. Abin da ya yi shi ne ya shiga Format Cells ya zuba sifili goma, sai 12345678 ta koma 0012345678 a idonka. Riga kawai ya sa wa lambar. A ciki har yanzu lamba takwas ce, danna akwatin ka dubi sandar fomula a sama, za ka gani da idonka. Da zarar ka haɗa ta da suna da alamar &, rigar ta zame, layin ya gajarce da gurbi biyu, haruffa biyu na farkon suna suka faɗa gidan lambar asusu. Kwamfutar banki ba ta kallon allonka, gurbi take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Mutane sun ɗauka abin da ido ya gani a Excel shi ne abin da ke cikin fayil. Wannan zaton ne ke sa wani ya zauna yana danna maɓallin tazara da hannu har sunaye su jeru, alhali a rubutun Calibri harafin i siriri ne, m kuwa mai faɗi, jerin da ya gani ba gaskiya ba ne. Shi ne kuma ke sa wani ya ja faɗin kolum da linzami ya adana a matsayin fayil na prn (rubutu zalla mai tazara tsakanin kolum), wanda faɗin da ka ja yake bi, kuma ba ya wuce harafi 240 a layi. Gobe abokin aikinka ya ɗan faɗaɗa kolum ɗaya don ya karanta suna, shi ke nan fayil ya lalace ba wanda ya sani. Kuma a karɓi kuɗin mutum a kan wannan aiki, a ce masa an gyara! Kuɗin gumin mutane ne fa, wani da shi zai biya haya, wani magani zai saya wa mahaifiyarsa.

Ka lura ban cika lambar asusu da sifili a fomular ba, da gangan na yi. Lambar NUBAN, wato lambar asusun banki a Najeriya, goma ce. Idan ka tarar da tara, ko dai Excel ce ta cinye sifilin farko, ko kuma hannun mai shigarwa ne ya tsallake lamba a tsakiya, fomula kuwa ba ta san bambancin ba. Ka liƙa sifili a ta biyun, ka ƙirƙiro lambar da ba ta mai ita ba. Lamba ta ƙarshe a NUBAN ta tantancewa ce, tana kama da yawa daga irin wannan kuskure, amma ni ba zan jingina albashin mutum a kanta ba. Mayar da kolum A zuwa Text tun kafin a rubuta komai, sannan ka ɗauko takardun ma'aikata ka sake shigar da duk wadda ta gaza goma. Mayarwa bayan an rubuta ba ta dawo da sifilin da ya tafi. Haka za ka yi wa lambar waya, da BVN da NIN masu lamba 11. Duk abin da ya wuce lamba 15 kuwa, Excel na mayar da ragowar sifili, ba gargaɗi.

Akwai wata matsala tamu ta gida. Sunaye irin Ɗanjuma da Ƙasimu, harafin mai lanƙwasa bayit biyu (wato gurbi biyu a cikin fayil) yake ci a tsarin adana rubutu na UTF-8, LEN kuwa ɗaya take ƙirga shi. Lanƙwasasshiyar alamar da Word ke sa wa Sa'adatu uku take ci. Sai ka ga 52 a wajenka, can a ga 53 ko 54. Rubuta su yadda suke a takardar banki, Danjuma, Kasimu. Idan kuma an kwaso sunaye daga intanet, akan taho da wata ɓoyayyar tazara da TRIM ba ta cirewa, SUBSTITUTE(B2,CHAR(160)," ") ke maganinta.

In E ta nuna 52 daga sama har ƙasa, kwafi kolum D kaɗai, ban da kan jadawali, ka zuba a Notepad ka adana, kada ka zaɓi UTF-8 mai BOM, wanda ke ƙara ɓoyayyar alama a farkon fayil. Wata mai zuwa kolum C kawai za ka taɓa. In daga baya ka so makro, wato ɗan shirin umarni a cikin Excel, ya riƙa fitar maka da shi da danna ɗaya, a rubuta da Print #, domin Write # alamar zance take zagaye wa kowane layi. Kafin ka tura, haɗa jimillar C ka gwada da takardar da shugaban makaranta ya sa wa hannu. Allah Ya sa a karɓa a wannan karon.