Hukuncin amfani da maganin asma ga mai ciki da mai shayarwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina fama da asma tun ina yarinya, yanzu kuma ina da cikin wata huɗu. Uwar mijina ta ce in ajiye maganin shaƙar nan, wai zai taɓa yaron, in ya zo da nakasa alhakin yana wuyana. Mako biyu ke nan da na daina, amma cikin dare sai in tashi zaune a bakin gado ina kokawa da numfashi, ƙirjina na kuka kamar usur. Zan yi zunubi in na koma? Bayan haihuwa fa, ya halatta in shayar ina amfani da shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sauke ki lafiya.

'Yar'uwa, babu zunubi a kanki. Abin da nake ji miki tsoro ma shi ne makon nan biyu da kika daina. Ki koma wurin likitanki yau, kada ki jira ranar awo.

Neman magani umarnin Annabi (SAW) ne, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama bn Sharik. Allah kuma Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195: "Kada ku jefa kanku da hannuwanku cikin halaka." Sai dai tambayarki ba a nan ta tsaya ba, domin rai biyu kike ɗauke da su. To, wane ne ya fi cutar da ɗan tayin, maganin ko barinsa? Wannan ba malami ke yanke shi ba, likitoci ne ahalin sani a kansa.

Abin da suka tabbatar shi ne, jariri a ciki ba ya numfashi da kansa, daga jinin uwarsa yake samun iska. Duk daren da kika kwana kina haki, shi ma yana iya kwana cikin ƙarancinta. Asmar da aka ƙyale tana iya jawo haihuwar bakwaini, ko jariri marar nauyi, ko hawan jinin masu ciki. Shi kuwa maganin shaƙa, irin su salbutamol na lokacin da ciwon ya taso, da budesonide na rigakafin kullum, kai tsaye huhu yake zuwa, kaɗan ne ke shiga jini, kuma an daɗe ana ba masu ciki. Ke nan cutar barin maganin tabbas ce, cutar amfani da shi kuwa zato ne, kuma a ƙa'idar fiƙihu ba a ture yaƙini saboda shakka. Idan likita ya ce dainawa haɗari ce, hukuncin ya tashi daga halacci ya koma wajibi.

Shayarwa ta fi sauƙi. Abin da ke biyo nono bai taka kara ya karya ba. Ki shayar da abinki.

Sharaɗi ɗaya: wannan fatawa ba izinin sayen magani da ka ba ce. Ƙwayoyi irin su prednisolone sai likita ya rubuta, ya faɗi adadin kwanaki. Kada ki ƙara, kada ki rage, kuma ki sanar da shi kina da ciki.

Ita kuwa surukarki, ƙaunar jikanta ce ta sa ta faɗi haka, kada ki yi mata gardama. Mijinki ya lallaɓa ta, in da hali ku je asibitin tare ta ji daga bakin likita.

Wallahu a'alam.