Tambaya da Amsa: Edison ne ko Tesla?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai naɗin koyil ne a Garwa, fanka da injin ban ruwa nake gyarawa. Mun yi gardama da yaron shagona. Na ce Edison ne ya ƙirƙiro wutar lantarki, shi kuma ya kafe a kan wai Tesla ne. A raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lantarki dai halittar Allah ce, ba wanda ya ƙirƙiro ta. Michael Faraday na Ingila ne ya gano a 1831 cewa motsa maganaɗisu cikin naɗin waya yana haifar da wuta. Amma in ana batun wutar da ke shigowa shagonka, yaronka ya fi ka kusa da gaskiya.

An haifi Nikola Tesla a 1856 a ƙauyen Smiljan, cikin ƙasar Kuroshiya ta yau. Ya isa Amurka a 1884, ya ɗan yi aiki a kamfanin Edison, suka rabu. Wutar Edison mai tafiya hanya ɗaya ce, irin ta batir, ba ta yin nisa sai ta raunana. Tesla ya rungumi mai kai-komo, wadda taransifoma ke ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa, a sauke shi a bakin gari. Da haka aka kai wuta daga magangarar ruwa ta Niagara zuwa birnin Buffalo na Amurka a 1896. Da haka kuma wutar madatsar Lagdo da ke kan Binuwai take isowa Garwa, har ta wuce Marwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne injin Tesla na 1888, wanda George Westinghouse, mai kamfanin lantarki a Amurka, ya sayi izinin ƙerawa. Wuta na shiga koyil, ƙarfin maganaɗisu ya riƙa zagayawa, ya ja ƙarfen tsakiyar injin ya juya, ba burushi ba tartsatsi. Fankar da kake naɗawa kullum jikar wannan injin ce. Kada kuma a manta da Galileo Ferraris na Italiya, shi ma ya gano hakan a lokacin.

Ƙarshen Tesla kam yana sosa mini rai. Ya zuba komai a hasumiyar Wardenclyffe da ya gina a jihar New York don aika saƙo da wuta ba waya, attajiri J.P. Morgan da ya ba shi kuɗin aikin ya janye hannu, aikin ya tsaya. Ya rasu a ɗakin otal a New York ranar 7 ga Janairu, 1943, ba mata ba ɗa, ga bashi. Sai a 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa.